Zuciyar Wata a Wayar Ɗana

Shafi na 17

A'a, baiwar Allah, dakata. Ke da kika rubuto a ƙasan shafin jiya, wai in gode wa Allah ɗana na ƙaunata, wasu iyayen ko gaisuwa ba sa samu. An karanta min. Har na sa aka maimaita don kar in zalunce ki.

Na ce miki ban gode ba? Akuyar da aka yi wa ɗaurin talala ma ai don ƙauna ne, ba a so ta ɓata. Je ki tambaye ta ko tana godiya.

Sai kai mai cewa ni ma ga ni ina baza sirrin gidana a waya. Auta ce riƙe da wayar, ina faɗa tana rubutawa. Sirrin nata ne. Lokacin da ta ce a ɓoye na ɓoye, yau da ta ga dama ta ce a faɗa. Bambancin ke nan, in kanka zai ɗauka.

Auta, rubuta yadda na faɗa. Kar ki sa min ladabin da ban yi ba.

Masu shigowa a tsakiya kuna tambayar an yi yaya, ga shi a gurguje, ba zan sake ba.

Tun da na zame a banɗaki, babban ɗana, wanda kowa ke kira Manaja, ya ɗaura min wani baƙin agogo. Ba don in ga lokaci ba, ni da ko lamba ban sani ba. Agogon tsegumi ne. Inda nake, yadda zuciyata ke bugawa, yaushe na kwanta, yaushe na tashi, duk yana kai wa wayarsa.

Ana cikin haka aka gano Auta na da ciwon daji a nono. Ni ke raka ta asibiti ranar ƙarin ruwan magani. Ta sa na rantse yayanta ba zai ji ba. Kun san dalili? Ranar da na faɗi, hotona ya ɗauka a gadon asibiti, kai ba ɗankwali, baki a buɗe, ya jefa a guruf ɗin dangi wai a taya shi addu'a. Hoton ya je hannun mutanen da ko ta'aziyyar mijina ba su zo ba. Auta ta ce, "Inna, zan iya da ciwon. Zama hoto ne ba zan iya ba."

To ranar asibiti sai in kwance agogon in ɗaura wa ƙawata Mai Kitso, da ɗakinta ke kallon nawa. Gida ɗaya ne, waya ba ta san ɗaki ba.

Mu koma inda muka tsaya.

Tun daga bakin layi na hango motarsa a ƙofar gida. Na ce wa mai tasi ya ƙara gaba kaɗan ya sauke ni. Na ja mayafi na rufe hannuwana, na shiga da sallama kamar wadda ta je aron gishiri.

Yana zaune a bakin gadona, takalmi a ƙafa, a kan dardumata. Matarsa Maman 'Yan Biyu na tsaye jikin ƙofa, ta rungume farar leda irin ta kantin magani.

"Inna, ina kika shiga?"

"Nan maƙwabta."

"Waya ta ce kina cikin gida."

"To ai ga ni. Waya ba ta yi ƙarya ba. Cire min takalmi daga kan darduma."

Ya cire. Bai yi musu ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

"Zauna, Inna. A hankali. Kar ki yi garaje."

Rabon da in ji wannan muryar a bakinsa tun ranar da ubansa ya rasu.

Na ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Zuciyarki ce."

"Me ta yi maka?"

Ya miƙo min wayar dab da hanci. Wasu zane-zane ne, hawa da sauka, kamar kaza ta yi tono a yashi.

"Likitan kamfanin agogon ya duba. Ya ce tana tsalle. Ta yi gudu, ta tsaya, ta sake ɗauka."

"Wane likita? Yaushe ya gan ni?"

"Ta waya ake ganinsa."

"Ya san ko ni fara ce ko baƙa?"

"Inna, ba fatarki ya duba ba. Ki saurara. Abin da ya ɗaure masa kai, ba kullum ba ne. Wasu ranakun lafiya lau, kamar ta budurwa. Wasu ranakun kuma tun daga safe har la'asar sai ta rikice."

Tun daga safe har la'asar.

Nan gabana ya faɗi, faɗuwar da in da agogon na hannuna da ya kai rahoto. Na san ranakun. Na san hannun da agogon ke wuni a kai.

"Ga shi ma yanzu," in ji shi. "Dubi yadda take gudu. Kina jin haki?"

"Ina jin haushi."

"Jiri fa?"

"Kai ne jirin."

Maman 'Yan Biyu ta ɗan yi tari don ta ɓoye dariya. Yarinyar kirki ce, aure ne kawai ya haɗa ta da mai waya. Ta buɗe ledar ta ɓallo wata 'yar farar ƙwaya, ta zuba ruwa a kofi.

"Inna, ku daure ku sha. An ce yana kwantar da bugun."

Na kalli ƙwayar. Maganin zuciyar wata ne. Tawa lafiyarta ƙalau, tafiya take a natse kamar jakin da ya san hanyar gida. In na sha abin da zai rage mata gudu, ban san inda za ta tsaya ba. In na ƙi, za a fara tone-tone, kuma ƙarshen ramin Auta ce, da na baro kwance tana amai a roba, gashi na zuba a matashi.

Kun ce ba na ƙaunar 'ya'yana. To ku ji. Na yi bismillah na miƙa hannun dama na karɓa.

Ta miƙo kofi. Ba tunani na fito da na hagu.

Sai na ga idonta ya tsaya a wuyan hannuna. Ta kalli dama, ta kalli hagu. Na harare ta, irin hararar da ke cewa rufa min asiri. Ta gane, baiwar Allah, ta yi saurin sunkuyar da kai. Amma mijin ya riga ya bi idonta.

"Inna, ina agogon?"

"Yana nan."

"Nan ina?"

"Inda Allah ya ajiye shi."

"Yana bugawa fa. Ga shi ina gani yana bugawa. A jikin wa yake?"

Na ajiye ƙwayar a kan faranti. Tunda asiri ya fara yagewa, ba zan haɗa da guba ba.

Ya danna wani abu. Ashe akwai wurin da ake dannawa agogo ya yi kuka in ya ɓata. Ko wannan bai taɓa faɗa min ba.

Daga can tsallaken tsakar gida aka fara, ƙit ƙit ƙit, kamar ɗan tsako ya faɗa rijiya.

Sai ga salati. Sai ga ƙarar faɗuwar kujera. Sai ga Mai Kitso ta ɗaga labule, hannu a miƙe nesa da jiki kamar kunama ce ta hau shi, tsinken kitso a soke a ɗankwali, yatsu duk man kai.

"Yaya, abin naki ya kama kuka. Wallahi ban taɓa shi ba. Ko alwala zan yi sai na naɗe shi da leda, yadda kika..."

Ta ga Manaja. Ta haɗiye sauran.

"A'a, Manaja ne? Sannu da zuwa. Ya aiki? Ya 'yan biyu?"

Shi kuwa yana kallon agogonsa mai tsada a hannun da ke walƙiya da man kitso.

"Gwaggo, tun yaushe?"

Ta kalle ni.

Na ce, "Ni za ka tambaya. Aro na ba ta."

"Aro. Tafiyar da nake gani fa? Ranakun da waya ke cewa kin yi tafiya mai nisa a cikin gida, har ina yabonki a guruf, ina cewa a yi koyi da Inna?"

"Kitso ne. Hannu na kaiwa yana komowa, shashashan agogonka ya ɗauka ƙafa ce."

Ya miƙe tsaye. Ɗakina ƙarami ne, kansa ya kusa taɓa fanka.

"Kin san nawa na..."

"Kar ka fara min lissafi. Ban roƙe ka ba."

"Kin mai da ni abin dariya. Ina can hankalina a tashe, ina kallon zuciyarki dare da rana, ashe ma ba taki ba ce."

"Wa ya aike ka? Zuciyar da ka kwanta a ƙarƙashinta kafin ka san waya, yau ita kake leƙe?"

Mai Kitso na ta kiciniyar ɓalle agogon, man kai ya hana ta. Ta tsaya.

"Wai zuciyar wa ake ta magana?"

Maman 'Yan Biyu ce ta matsa ta kama hannunta, ta kwance mata shi a hankali.

"Gwaggo, ku zauna tukuna."

"Ina da kai a ƙasa, rabi na yi."

"Ku zauna dai. Likita ya ce wanda ke sanye da agogon nan a ranakun, zuciyarsa na da matsala. Mun ɗauka Inna ce."

Ta zauna a kan buhun kayan wankina, don shi ne kusa. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Shi ya sa in na miƙe nake ganin duhu," in ji ta. "Ban faɗa wa kowa ba. Ko 'ya'yana. In suka ji za su ce in ajiye tsinke in koma gidan ɗayansu in zauna gadin jikoki."

Wannan kam ni na jawo mata, ba sai wani ya rubuto ya faɗa min ba. Na ɗauka ƙarfe na ɗaura mata. Ban san ɗan leƙen asiri na saka mata a jiki ba.

Ta ɗago. "Manaja, yanzu wa da wa suka sani?"

"Likitan ne kawai, Gwaggo."

Na ce, "Ƙarya kake. Masu kirana a waya fa? Kwanan nan ba na rufe ido da rana sai wata mai zaƙin murya ta kira, wai suna da shayin wanke zuciya, wai suna da matashin masu hawan jini. Na ce wa ya ce muku ina da zuciya? Ashe daga nan ne. Wa ya ba su lambata?"

"Wataƙila kamfanin ne. Akwai wani dogon rubutu da ake danna an yarda kafin agogon ya fara aiki."

"Ka karanta?"

"Ba mai karanta wannan, Inna."

"Amma ka yarda. Da jikina. Ka yarda a madadina, kamar na mutu ka gaje ni."

Ban rufe baki ba 'yar wayata ta kama ruri a ƙugu. Na ciro. Muryar ƙanwar ubansu ce, wadda rabona da ita tun sunan 'yan biyu, tana kuka tun kafin sallama. "Yaya, ashe abin da ya same ki ke nan? Zuciya? Ki yafe min duk abin da..."

Na kashe. Na kalle shi.

"Ka saka a guruf."

"Addu'a na nema."

"Da hoto?"

Ya kau da kai.

Maman 'Yan Biyu ta ce a hankali, "Zanen zuciyar ya saka. Da tsohon hoton nan na asibiti. Na ce masa ya bari ku dawo."

Mai Kitso ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To. Zuciyata ta riga ni yawo. Ni da ban taɓa hawa jirgi ba."

Na ce, "Ka ji ko? Ciwonta ne. Ita ya kamata ta fara ji, a ɗaki, ƙofa a rufe, ta zaɓi wanda za ta faɗa wa. Yanzu dangin ubanka kaf sun gani, masu shayi sun gani, wani ƙato a kamfani ya gani yana shan lemo. Ita ce ta ƙarshe."

"Da ban saka agogon ba da ba a gano ba. Ki faɗi wannan ma."

"Na faɗa. Ɓarawo ma in ya haura katanga yakan ga inda rufi ke yoyo. Sai a ba shi tukuici?"

"Ni ne ɓarawon?"

"Kai ka ce."

Ya ja numfashi. Na san shi, in ya rasa ta cewa a nan sai ya koma can.

"Na ji. A bar maganar agogo. Ranakun da yake hannun Gwaggo, ke kina ina?"

"Unguwa."

"Wace unguwa ce daga safe har la'asar?"

"Wadda ƙafata ta kai ni."

"Gwaggo, ina take zuwa?"

Mai Kitso ta ce, "Ni kai nake kamawa, ɗana, ba ƙafa ba."

Allah ya yi mata albarka. Ba ta ma sani ba, ban taɓa faɗa mata ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Irin mutanen da ake yi da ke nan.

Wayar ta sake ruri a hannuna. Wannan karon da kiɗan da aka saka min na Auta, don in gane ita ce tunda ba na karatu. Ta ga abin a guruf ke nan. Daga kwance, da robar amai a gefe, an ce mata zuciyar uwarta ta lalace.

Kafin in danna, ya zare wayar daga hannuna.

"Ba ni wayata."

"Auta ce."

"Na sani. Ba ni."

Bai ɗauka ba, bai ba ni ba. Ya riƙe yana kallonta har ta katse. In da ya ɗauka, muryarta kaɗai ta isa. Ranar magani ko sallama da ƙyar take fita.

"Auta ta daina ɗaukar kiran bidiyo," in ji shi, a hankali, kamar mai haɗa tsinken tsintsiya. "Ta daina zuwa gidana. Bikin makarantar 'yan biyu ma cewa ta yi mura. Inna, wajenta kike zuwa?"

"Haramun ne uwa ta je gidan 'yarta?"

"In gidanta ne me ya sa za ki ɓoye? Mijin ne? Dukanta yake?"

"Kar ka ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba."

"To mene ne?"

"Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

"Ni yayanta ne. Ni ne a madadin uba."

"Uba yana rufe ƙofa. Kai tagogi kake buɗewa."

Ya jefa 'yar wayata kan gado ya ɗauki tasa. Yatsu suka fara danne-danne.

"Shi ke nan. Tunda ba za ki faɗa ba, zan tambaya. Danginmu na ko'ina, wani ya gan ki. Zan saka hotonki da na Auta, in ce duk wanda ya gan su tare a ranakun nan ya faɗa min a ina. Kafin magariba zan sani."

Kuma zai sani. Akwai jikar ƙanin mijina da ke sayar da lemo a bakin ƙofar asibitin. Kullum sai mun ja mayafi mun bi ta baya. Ta taɓa ƙura mana ido. Tambaya ɗaya take jira.

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Baban 'Yan Biyu, don Allah ka bari."

"Ke ba ruwanki."

Na ce, "'Yata, kama Gwaggonki ki raka ta ɗaki. Ki sallami mai rabin kan nan, ki ce gobe. Ki ba ta ruwa ta sha, kar ki ba ta ƙwayar nan sai likita mai ido ya gan ta. Ja min ƙofar."

Suka fita. Na jira har na ji labulen can ya faɗi.

Ni ba na tsawa. Mai tsawa bai da abin faɗa. Na gyara zama, na naɗe mayafina na ajiye a gefe.

"Ajiye wayar nan."

"Sai na gama."

"Manaja."

"Na'am."

"Har yanzu sunan na nan, ko in nemo maka wani?"

Yatsun suka tsaya.

Ɗakin da ake yi wa Auta ƙarin ruwa a bene yake. Mai jinya ba ta da aiki sai kallon taga. Ta tagar ana hango bayan wani tsohon gidan mai da aka rufe, da wata babbar bishiya. Ban faɗa masa taga ba, ban faɗa masa bene ba.

Na ce, "Akwai bishiya a bayan tsohon gidan mai. Akwai motar da ke wuni a gindinta, tun fitar ma'aikata har tashinsu. Mai motar yakan cire takalmi, ya rataye kwat a kujera, ya buɗe kwanon da matarsa ta zuba masa don ya ci a ofis. Wata da watanni. Ran nan har na ga yana share ido da ƙyallen da aka naɗe kwanon."

Ya koma bakin gadon ya zauna.

"Mai ofis ba ya wuni a gindin bishiya. Sun sallame ka, ka kasa faɗa wa kowa, ka zauna kana gadin zuciyata don ka samu abin yi. Ni ban ɗaura maka agogo ba. Ido Allah ya ba ni, na gani, na haɗiye. Na taɓa tambayarka? Na ɗauki hotonka na nema maka addu'a?"

"Inna..."

Daga tsakar gida na ji takun silifas na dawowa.

"Ga matarka nan tafe. Goge abin da ka rubuta. In kuma har yanzu kana son sanin inda nake zuwa, sake tambayata a gabanta. Zan amsa maka tsaf, amma daga gindin bishiya zan fara."